Kwamfuta na karanta adabin Faransanci, amma na wa?

Mu da muke koyar da Faransanci mun saba ɗaukar littafi guda mu yi wata uku a kansa. A Turai akwai masu binciken da suke ɗaukar ɗari ko dubu a lokaci ɗaya, su ba kwamfuta ta ƙirga kalmomi, ta auna tsawon jimloli, ta gano abin da marubuta suka fi maimaitawa. Kafin hakan ya yiwu sai an tara littattafan a rumbu na intanet, an gyara su tsaf. Wannan aikin tarawa shi nake so malamai da iyaye su duba.

Babban ɗakin karatu na Faransa ya buɗe Gallica tun 1997, inda kowa zai iya karanta tsofaffin littattafai kyauta. Sai dai hoton shafi ba shi ne rubutun da kwamfuta za ta ƙirga ba. Na'urar da ke mayar da hoto rubutu tana tuntuɓe a kan tsohuwar takarda, dole mutum ya bi layi-layi yana gyarawa, yana nuna inda babi ya fara. Aiki ne na haƙuri, kamar tsince tsakuwa daga gero. Rumbun ELTeC ya ɗauki ƙa'ida mai kyau: ƙagaggun labarai ɗari ga kowane harshe, waɗanda suka fito tsakanin 1840 da 1920, har da Faransanci da Sifaniyanci da harsunan Fotugal da Romaniya, dukkansu ƴaƴan Latin. Kuma suka sa sharaɗin a haɗa da mata marubuta da littattafan da aka manta, kada Zola da ire-irensa su cinye wurin.

Amfanin ba na wasa ba ne. A 1919 Pierre Louÿs ya ce Corneille ne ya rubuta wasannin Molière, zancen ya yi ta yawo shekara ɗari. A 2019 Florian Cafiero da Jean-Baptiste Camps suka auna wasannin zamanin da kwamfuta, har ƙananan kalmomin da marubuci ke amfani da su ba tare da ya lura ba, suka nuna hannun Molière daban yake da na Corneille. Malamin da ke koyar da L'Avare a lise yana da amsa ke nan idan ɗalibi ya kwaso wannan jita-jita daga waya.

Ga inda gizo ke saƙa. A Faransa littafi ba ya zama na kowa sai marubucinsa ya cika shekara 70 da rasuwa, shi ya sa rumbunan nan suka cika da tsofaffin Turawa. Boubou Hama ya rasu a 1982. Abdoulaye Mamani, wanda ya rubuta Sarraounia, ya rasu a 1993. Camara Laye a 1980. Duk wanda ya tambayi irin wannan rumbu yadda ake rubuta labari da Faransanci, amsar Paris ta ƙarni na 19 zai samu, kuma ɗanmu da ke neman bayani a waya ita zai ɗauka.

Na san wani zai ce tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, me ya dame mu da Faransanci? Littafin Mamani labarin Lugu ne da Sarauniya Mangu, namu ne ko da wane harshe aka rubuta shi. Hanyar gyara rubutu kuma ɗaya ce, wanda ya koye ta a kan Faransanci gobe zai yi ta a kan Hausa, inda ƙ da ɗ da ƴ suke ƙara rikita na'ura.

Shawarata ga makarantun horar da malamai da jami'o'inmu na Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa: a nemi izinin magada da kamfanonin ɗab'i a rubuce, ko da na bincike kaɗai ne, sannan kowane aji ya ɗauki littafi guda a shekara, ɗalibai biyu-biyu, ɗaya na karanta takarda da ƙarfi, ɗaya na duba allon kwamfuta.