Kafin mu sayi sabon sirdi, mu fara sayen buroshi



Duk sanda Sallah ta gabato, hirar masu dawaki a nan Kujama ba ta wuce sirdi da linzami da jalala. Da wuya ka ji wani ya ambaci buroshi. A ganinmu nan ne muke kuskure. Bara dokin wani ɗan ƙungiyarmu bai fita hawa ba, saboda miki a gadon bayansa. Busasshen gumi da yashi aka bari a jikinsa, aka ɗora sirdi a kai, suka yi ta gurzar fata.

Mu tuna ƙasarmu ba kamar Katsina ko Sakkwato ba ce. Daga nan har Kafanchan damina ta fi tsawo, ciyawa ta fi duhu, kaska ta fi yawa, ga kirci da ke son jiƙaƙƙiyar fata. Wanda ke goge dokinsa kullum shi ke fara ganin kaska ko ƙurji tun abin bai yi nisa ba.

Abu huɗu muke ba da shawara a saya. Na farko buroshin roba mai gajerun haƙora, a riƙa murza shi a zagaye don ya tayar da laka da mataccen gashi. Na biyu mai tauri, a share abin da na farko ya tayar, ana bin yadda gashi ya kwanta. Na uku mai laushi, don fuska da ƙafafu inda ƙashi ke kusa da fata. Na huɗu ɗan ƙarfe mai lanƙwasa na sakace kofato. Geza da wutsiya kuwa, yatsu da mataji mai faɗin haƙora sun isa.

Wani zai ce buroshin wanki ma yana yi, ga shi da sauƙin kuɗi. To, araha ba ta ado. Kafin ka biya, goga shi a bayan hannunka. In ya karce ka, zai karce dokin. Na waya kuwa kada ma ya shiga barga.

Abin da muka fi jaddadawa shi ne kowane doki da nasa. Makero da kirci suna bin buroshi daga wannan doki zuwa wancan, don haka aron buroshi ba zumunci ba ne. A riƙa wanke shi da sabulu, a shanya a rana. In an ga gashi na zubewa ko ɓawo a fata, a kira likitan dabbobi.

A taronmu mai zuwa za mu kawo shawarar a fara cire kuɗin waɗannan kaya daga gudummawar hawa, kafin a taɓa na ado. Mai wani ra'ayi ya zo da shi.

Allah ya kai mu Sallah lafiya, mu da dabbobinmu.

Sakataren ƙungiya