Tsohuwar tarakta da sheburin gaba

A wannan mako wani ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya tare ni da tambaya. Ya zuba kuɗin sallamarsa a tsohuwar tarakta ƙirar Massey Ferguson 135, ya kuma samo sheburin gaba na hannu, domin ya riƙa lodin taki da yashi yana samun na cefane. Abin da ya dame shi: daga ina zai jawo man da zai ɗaga sheburin?

Wannan tarakta an ƙera ta ne tsakanin 1964 da 1975, kuma an yi ta domin jan garma. Famfonta na mai yana can ciki, ƙarƙashin kujerar direba, yana tsotsar man nan da ke shafe haƙoran giya, wajen lita 30. Abin da yake turawa bai kai lita 20 a minti ba. Ga garma ya wadatar, ga shebur kuwa tafiyar hawainiya ce.

Hanya mai araha ita ce a ɗora bawul a kan murfin da ke ƙarƙashin kujera, ya karkatar da mai zuwa gaba. Tana aiki, ban musa ba. Amma muddin mai na zuwa gaba, hannuwan baya sun mutu. Kuma idan direba ya taka kuloci har ƙasa, famfo ya tsaya, shebur ya tsaya a sama. Wanda ya taɓa ganin lodi ya san rabin aikin gaba da baya ne, ƙafa kan kuloci. Mai motar da ke jira kuwa ba zai dawo gobe ba.

Shawarar da na ba shi ita ce ya daure ya sayi famfo na dabam, a ɗaura shi a gaban inji, inji ya riƙa juya shi kai tsaye, da tankinsa da matatarsa. Muddin inji na ruri, akwai mai. Sai dai ya tsaya kan makaniki game da bawul: lalle ya zama irin wanda ke barin mai ya koma tanki idan ba a taɓa hannunsa ba, kuma yana da mafitar da ke buɗewa idan matsi ya yi yawa. In ba haka ba, mai zai yi zafi, tiyo ya fashe ko famfo ya tsage. Matata kuwa, da ƙurar hunturunmu, ba wurin tsimi ba ce.

Saura nauyi, wanda masu saye ke mantawa. Duk abin da shebur ya ɗauka a kan ƙafafun gaba yake sauka. Sitiyari ya yi tauri, baya ya yi sakayau. A cika duro da siminti a rataya a baya, a kuma yi tafiya da shebur ƙasa-ƙasa, domin tarakta mai kaya a sama rami kaɗan ke kifar da ita. Kada yaro ya shiga ƙarƙashin shebur, ko da inji a kashe. In ana zaton tiyo na yoyo, a kanga masa kwali. Man da ke fita ta ƙaramar kafa yana huda fata, har ya kai ga yanke yatsa.

Mutumin ya ce zai fara da duron siminti, famfo kuma sai ya sayar da albasa.