Aikin yanar ido ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata

Duk shekara ana cire wa tsofaffi yanar ido a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, sau da yawa da kuɗin 'ya'yan da ke ci-rani. Amma da an kwance bandeji tsoho ya ce yana gani hazo-hazo, sai dangi su yanke hukuncin cewa aiki ya lalace.

Galibi ba haka ba ne. Fatar gaban ido mai kama da gilashi, wadda likitoci ke kira korne, ita ce ta kumbura, domin ƙwayoyin da ke tsotse ruwa daga cikinta sun jigata lokacin aikin. Likita kan rubuta maganin ɗigawa mai kwantar da kumburi irin su dexamethasone, wani lokaci ya haɗa da na gishiri mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Hazon yakan washe cikin kwanaki ko 'yan makonni.

A gida ake ɓata lamarin. Wani ya daina ɗigawa da zarar ido ya ɗan washe, wani kwalba ta ƙare ya saya wajen mai talla ya yi ta ɗigawa wata da watanni. Irin wannan magani in ya wuce ƙa'ida yana jawo hawan jinin ido, wanda ke makantarwa ba dawowa.

Wanda ya biya kuɗin aiki ya kamata ya ware na farmasi da na motar komawa wurin likita. In ciwo ya tsananta, ido ya yi ja, gani yana raguwa, a ranar ake komawa asibiti.