Jirgin da Ya Nutse Kusa da Dakar da Gyaɗar Ƙasar Kano

Ranar 11 ga Agusta, 1943, jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin teku, U-468, ya nutse kudu maso yammacin Dakar. Jirgin saman da ya yi masa ruwan bama-bamai shi ma ya faɗa teku da matuƙinsa, Lloyd Trigg, da dukan mutanensa. Jamusawa bakwai suka tsira, har da kwamandansu, Klemens Schamong, kuma da shaidar wannan abokin gaba aka ba Trigg lambar yabo ta Victoria Cross bayan mutuwarsa. Turawa sun adana labarin dalla-dalla.

To, me irin waɗannan jirage suke farauta a tekun Afirka ta Yamma? Jiragen sojoji, da na dakon kaya, waɗanda cikin lodinsu har da gyaɗar ƙasar Kano. A shekarar nan ce samarinmu na Runduna ta 81 suka ratsa teku zuwa Indiya, daga can sai Bama.

A ganina, mu manazarta Hausa mun yi sakaci da namu ɓangaren labarin. Wanda ya bi Kura da Bunkure yau, shinkafa da tumatir zai gani a bakin magudanan ruwan Tiga. Noman gyaɗar zamanin yaƙi kuwa sai a bakin tsofaffi, su ma yawancinsu ji suka yi daga iyayensu. Ya kamata a zauna da su da na'urar naɗar murya tun suna raye. Me aka faɗa wa manomi sa'ad da aka matsa masa ya ƙara noma? Da wane suna ya kira jirgin da bai taɓa gani ba? Wace waƙa matan sojoji suka rera a bakin turmi?