Garkuwar wuya ga masu tseren babur: Ko ta cancanci kuɗinta?

A wannan makon wata uwa ce daga Legas ta aiko da tambaya. Ɗanta da ke karatu a Afirka ta Kudu ya faɗa wasan tseren babura na motokuros, ya kuma nemi a turo masa kuɗin wata garkuwa da ake sa wa a wuya. Ta ce: "Na yi faɗan har na gaji, ya ƙi bari. Shin abin nan yana da amfani, ko cin kuɗi ne kawai?"

Hajiya, amsar a taƙaice ita ce a saya masa. Amma akwai sharuɗɗa, kuma su ne za mu yi bayani a kansu.

Motokuros tsere ne da ake yi a filin da aka tanada, mai tudu da gangare da taɓo, inda babur kan yi tsalle sama da tsayin mutum kafin ya dira. Faɗuwa a wannan wasa ba abin mamaki ba ce, kowane mahayi yana shan ƙasa. Abin tsoron shi ne mutum ya sauka ta ka. Wuyan ɗan Adam gaɓoɓin ƙashi 7 ne a jere, laka ta ratsa ta cikinsu, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa sauran jiki. Jijiyoyin da ke sarrafa numfashi suna fitowa ne daga gaɓa ta 3 zuwa ta 5. Idan laka ta taɓu a wannan wuri, hannuwa da ƙafafu na iya shanyewa, numfashi ma yana iya gagara sai da na'ura. Hular kwano tana kare ƙoƙon kai, amma aikinta bai kai wuya ba.

Wani likita ɗan Afirka ta Kudu, Dakta Chris Leatt, shi ya ƙirƙiro wannan garkuwa bayan ya ga wani mahayi ya rasu a gabansa sakamakon raunin wuya a wajen tsere a shekarar 2001, a daidai lokacin da ƙaramin ɗansa ya fara hawan babur. Yau kamfanoni irin su Leatt da Alpinestars da Atlas duk suna yin ta. Zobe ne mai tauri da ke zama a kan kafaɗu, ya jingina da ƙirji da baya. Ba ta matse wuya, mahayi yana iya juya kansa. Sai an faɗi kai ya lanƙwashe gaba ko baya ko gefe fiye da ƙima, a nan ne bakin hular kwano zai dunguri garkuwar, ita kuma ta karkatar da wani kaso na ƙarfin bugun zuwa kafaɗu da ƙirji da baya.

To, wace shaida ake da ita? Wadda aka fi ambata ta fito ne daga wata ƙungiyar masu ba da agajin gaggawa a filayen tsere a Amurka, Action Sports EMS, wadda ta tattara bayanan mahaya fiye da 8,000 da suka ji rauni tsakanin 2009 da 2018. A cikin waɗanda ba su sa garkuwa ba, 239 sun samu mummunan raunin wuya. A cikin waɗanda suka sa, 26 ne kacal, alhali yawan ɓangarorin biyu bai yi nisa da juna ba. Wannan tazara ba ƙarama ba ce. Sai dai a lura cewa lissafin waɗanda suka zo hannun masu agaji ne, ba gwaji aka shirya ba, kuma mai yiwuwa ne wanda ya damu ya sayi garkuwa dama can mai taka-tsantsan ne.

Masu sukar ta ma suna da abin cewa. Wasu ƙwararrun mahaya sun ajiye ta saboda a cewarsu tana hana su ɗaga kai su hango gaba yadda suke so, kuma wanda bai ga gabansa ba ya fi kusa da faɗuwa. Wannan ƙorafi yawanci yana da nasaba da girman garkuwar da yadda ta dace da hular. Wasu kuma sun ce tana karya siririn ƙashin nan da ya taso daga gindin maƙogwaro zuwa kafaɗa. Bayanan da muka ambata ba su nuna haka ba, hasali ma karayar ta fi yawa a wajen waɗanda ba su sa ba. Ko da ma haka ne, wannan ƙashi yakan haɗe cikin makonni, ita kuwa laka idan ta tsinke har yau likitoci ba su da hanyar ɗinke ta. Akwai kuma iyakar da ya kamata kowa ya sani: idan mutum ya dira a tsakiyar kansa, nauyin jiki ya danne wuya kai tsaye, kariyar garkuwar tana raguwa ƙwarai. Tana rage haɗari ne, ba laya ba ce.

Saboda haka ga sharuɗɗan. Na farko, hula mai rufe haɓa ita ce gaba da komai, domin in babu ita garkuwar ba ta da abin tarewa. Na biyu, ya je shago da hularsa da rigar kariyar ƙirjinsa ya gwada su tare, ya tabbatar yana iya duban sama da gefe. Na uku, kada a saya wa yaro babba da sunan zai girma a ciki. Na huɗu, wadda ta tsage bayan faɗuwa a canza ta. Sannan kada a ruɗe ta da soson wuya da ake sayarwa a kemis, wancan na mai ciwo ne, ba ya tare bugu.

Mu kuma da muke hawan acaɓa kullum zuwa kasuwa da makaranta, ba garkuwar wuya ce damuwarmu ta farko ba. Tun watan Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. Bincike ya nuna hula ta gaskiya tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Amma har yau muna ganin uba ya jera yara uku a babur, kowa kai a buɗe. Rigakafi dai ya fi magani.

Abu na ƙarshe, wanda ya shafi kowa. Idan mai babur ya faɗi a gabanku yana kukan wuya, ko ya ce ba ya jin hannu ko ƙafa, kada a ciccibe shi a jefa a Keke Napep, kada kuma a fizge hularsa muddin yana numfashi. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu kada ya motsa, wani ya kira 122 ko 112. Sau da yawa tausayin da aka yi cikin gaggawa shi ke ƙarasa lakar da haɗarin ya bari.

Hajiya, ki tura kuɗin, ki kuma ce ya aiko miki da hotonsa sanye da hula da garkuwar tare. Allah Ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.