Maɗoran ƙasusuwan dutse: sana'ar da ke jiran ƴaƴan Nijar

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO jerin wuraren da take fatan a sa su cikin kayan gadon duniya. A cikin jerin akwai kurmi da tafkin Madarumfa tare da kushewun waliyyai 99, akwai kuma makwantan ƙasusuwan dinozor na jihar Agadas. Mutumin Madarumfa ya san darajar na farko, domin kaka da kakanni ake tsaron kushewun nan. Na biyu kuwa har yanzu yana jiran masu kula da shi daga cikin ƴan ƙasa.

Dinozor dai wasu dabbobi ne da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam, ƙasusuwansu suka zama dutse a cikin ƙasa. A 1965 Bafaranshe Philippe Taquet ya iske irin waɗannan ƙasusuwa a Gadufawa, cikin hamadar Tenere. Daga can aka tono Ouranosaurus, da wani ƙaton kada mai suna Sarcosuchus wanda tsawonsa ya haura mita 9. Shekarunsu sun kai wajen miliyan 110. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga irinsu da idonsa. Daga 1993 kuma Ba'amurke Paul Sereno ya riƙa zuwa da ayarinsa. Su ne suka bayyana Jobaria da Nigersaurus, mai haƙora fiye da 500, a 1999.

Tonowa somin taɓi ne. A daji ana naɗe ƙashin tare da dutsen da ya riƙe shi cikin tsumman buhu da filasta, kamar yadda likita yake ɗaure karaya, don kada ya farfashe a mota. Idan an kai shi ɗakin bincike sai gwanin gyara ya karɓa. Da allura da buroshi da ɗan ƙaramin kurfi mai aiki da iska yake ɓamɓare dutsen kaɗan-kaɗan, idonsa a kan madubin ƙara girma. Inda ƙashi ya yi laushi ya shayar da shi gam na musamman, wanda ake iya narkarwa in an so sake gyara. Inda ya karye ya ɗora. Kowane gutsure sai an ba shi lamba an rubuta a rajista. Ƙoƙon kai guda yakan ci watanni, kuskure ɗaya kuwa ya isa ya ɓata abin da ba shi da madadi.

Abin dubawa shi ne, ƙasusuwan da ayarin Sereno ya tono a jami'ar Chicago ta Amurka aka gyara su. Ƙashi na Nijar, hannu na baƙi. In an maido su gida babu isassun gwanaye, zafi da ƙura da raɓar damina za su ci su sannu a hankali.

Sana'ar ba ta fi ƙarfin ɗan Madarumfa ba. Haƙurin mai ɗinkin hula da natsuwar masunci mai gyaran koma su ne jarinta na farko. Sauran karatu ne: ilmin duwatsu da na halittu, irin wanda ake farawa a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sannan koyo a gaban gwani. Ma'aikacin da ɗansa ya ci bak ya sani ba ofis kaɗai ne mafita ba.

Ƴan kasuwa su ma da nasu rabon. Dokar 1997 mai kare kayan gadon ƙasa ta hana fitar da irin waɗannan abubuwa ba da izini ba. Wanda aka yi wa tallar haƙori ko ƙashin dutse ya kauce, domin abin da aka ciro ba a rubuta inda yake kwance ba ya rasa rabin amfaninsa ga masana. Kayan aro ba ya rufe katara, haka ma gwanin aro ba ya riƙe gidan tarihi.