Furfurar Wuri a Gabashin Sakkwato: Wadda Za a Ƙyale da Wadda Za a Kai Asibiti

A rumfunan aski na Wurno da Rabah da Goronyo, da wuya saurayi ɗan shekara 28 ya tashi daga kujera da farin sili biyu a gefen kai ba a tsokane shi ba. Wani ya ce hurhurar arziki ce, kamar yadda Sakkwatawa ke furta kalmar, wani ya ce tunanin kuɗin aure ne. A 'yan shekarun nan an samu bayani na uku wanda ba a yin dariya idan an faɗe shi: tashin hankali. Kowane bayani yana da ɗan rabonsa na gaskiya ko na raha, amma babu wanda ke taimaka wa mai kan ya gane ko furfurarsa ta buƙaci likita.

Gashi ba ya tsirowa da baƙinsa haka kawai. A gindin kowane sili akwai ƙwayoyin halitta masu sarrafa melanin, sinadarin da ke ba fata da gashi launi, kuma a bayansu akwai wani ɗan rumbu na ƙwayoyin ajiya da ke maye gurbin waɗanda suka gaji. Ranar da rumbun ya ƙare, silin da zai fito daga wannan gindi fari ne. Ga mutanen Afirka wannan kan fara ne a wajen shekara 40 zuwa 45, daga baya ke nan idan aka kwatanta da Turawa, shi ya sa likitocin fata ke kiran furfura ta wuri idan ta bayyana wa Ba'afirke kafin shekara 30. Takan soma daga gefen kai, kusa da kunne, ko a gemu, sannan ta hau tsakiya.

Mafi yawan irin wannan furfura gado ce. Wanda mahaifinsa ko kawunsa ya yi fari da wuri, shi ma yana kan hanya, kuma babu mai ko jiƙo da zai sauya hakan. A 2016 masu bincike ƙarƙashin jagorancin wata jami'a a Landan sun gano ƙwayar gado mai suna IRF4 da ke da alaƙa da furfura, bayan nazarin mutum sama da 6,000 a Latin Amurka. Furfurar gado ba cuta ba ce. Kuɗin da ake zubarwa wajen neman maganinta asara ne.

Batun tashin hankali kuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutanen wannan yanki ba a littafi suka karanta shi ba. A watan Yulin 2018 'yan bindiga sun kashe gomman mutane a Tabanni da kewayenta cikin ƙaramar hukumar Rabah. A watan Oktoban 2021 sun buɗe wuta a kasuwar Goronyo, sama da mutum 40 suka rasu. Tsakanin waɗannan da bayansu akwai dare masu yawa da magidanta suka kwana ido biyu. A 2020 wata tawaga a Jami'ar Harvard ta nuna, a jikin ɓeraye, cewa matsananciyar firgita na sa jijiyoyi su kwararo da sinadarin da ke tilasta wa ƙwayoyin ajiyar nan fita gaba ɗaya, rumbun ya zama wayam. Shekara guda bayan haka masu bincike a Jami'ar Columbia suka bi silin gashin mutum 14 daki-daki, suka ga wasu sun yi fari a lokacin damuwa, wasu kuma sun koma baƙi da hankali ya kwanta. Adadin kaɗan ne, kuma ɓera ba mutum ba ne, amma tsohuwar da ta ce baƙin ciki ya sa ɗanta furfura ba shirme ta faɗa ba. Abin da ba ya faruwa shi ne kai ya yi fari a dare ɗaya: silin da ya riga ya fito ba ya sauya launi, kuma gashi na tsawo ne da kimanin santimita ɗaya a wata.

Sai dai rashin tsaro na da wata hanya ta biyu zuwa kan mutum, wadda ba a cika lura da ita ba, wato ta cikin kwano. Ƙarancin bitamin B12 na cikin sanannun dalilan furfurar wuri, kuma yana cikin kaɗan da ake iya gyarawa. Wannan bitamin ba ya cikin gero ko dawa, ba ya cikin shinkafa da albasa da tafarnuwar da fadamun Wurno suka yi suna a kansu. Yana cikin nono, nama, hanta, ƙwai da kifi. Ƙasar da aka kore shanunta, ko makiyayanta suka yi ƙaura, nononta zai yi tsada, fura ta koma ta ruwa zalla. Iyalin da suka baro ƙauye suka fake a cikin gari sun bar kajinsu da awakinsu a baya. Kifin madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gina a kan gulbin Rima, yana nan, amma sai mai kuɗin saye. Saboda haka matashi ko matar aure da furfura ta bayyana musu da sauri, tare da kasala, haki, farin ido, ko jin ƙafa na mutuwa kamar ana tsira allura, gwajin jini suke buƙata. Idan aka bar ƙarancin B12 ya daɗe, yakan lalata jijiyoyi har abada. Masu ciwon suga da suka jima suna shan metformin su ma suna cikin haɗarin wannan ƙaranci. Ciwon tayirod, wato ƙullin nan na gaban wuya da kumburinsa ke zama maƙoƙo, shi ma kan zo da furfura, haka nan shan taba yana gaggauta ta.

Akwai kuma gashin da ya fi duk waɗannan gaggawa, ko da yake ba furfura ba ne. Yaro ɗan shekara biyu ko uku da gashinsa ya koma ja-ja ko fari-fari, ya yi laushi yana tsigewa, ƙafafunsa sun kumbura, tamowa ce ke cinsa. Ba rana ce ta ƙona gashin ba, ba kuma gado ba ne. Malamin makaranta, ma'aikacin jinya ko limamin da ya san wannan alama zai iya tura uwa asibiti a ranar, kuma makonni kaɗan na abinci mai gina jiki kan dawo da yaron.

Abin takaici shi ne, martanin da aka fi sani ga farin sili shi ne rini. Mafi yawan baƙin rinin da ake sayarwa a kasuwanni, har da abin da ake kira baƙin lalle, yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda kan sa wasu ƙaiƙayi da kumburin fuska da ƙuraje masu ruwa. Haɗiyarsa kuwa guba ce mai kumbura maƙogwaro da kashe ƙoda, kuma asibitocin Sudan da Maroko sun daɗe suna karɓar waɗanda suka sha shi, har da ƙananan yara. Lallen gargajiya na ganye bai da wannan haɗari ga yawancin mutane, kuma a garuruwan da ke da tsohon tarihin karatu irin Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake tun 1837, ba sai an tuna wa kowa cewa malamai sun fifita lalle a kan baƙin rini, sun kuma hana tsige furfura ba. Tsigewar dai ba ta haifar da goma a madadin ɗaya kamar yadda ake faɗa. Farin ne zai sake fitowa, in kuma an matsa, gindin ya mutu.

Wanda ya ga furfura kafin shekara 30 sai ya fara duba kan iyayensa da kawunnansa. In ya same ta can, kuma jikinsa lafiya lau, ya bar ta. In babu ta a dangi, ko ta zo da kasala da mutuwar ƙafa, kuɗin kwalin rini uku ko huɗu gara ya tara su ya nemi a auna jininsa, ko da sai ya shiga mota zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a birnin Sakkwato.